Fitilar da Ta Ƙi Kamawa

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da nauyin da kike ɗauke da shi. Kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun direba. Laftof ɗin da kika bar mini ce ta yi yaji, ko na kunna sai ta ce babu intanet. Kin san tun da kunnuwana suka yi murabus waya ba ta yi mini rana, sai na ga bakinki a babban allo nake gane maganarki. Kin ce haihuwa ta matso. Ba na so ki shiga hannun likitoci ban sa miki albarka ido da ido ba. A agaza wa tsoho.

Mahaifinki.

Baba,

Ina gaisuwa. Wallahi takardarka ta sa ni dariya, ta kuma sa ni kuka, cikin nan ya mai da ni rakwa-rakwa. Ka zare shuɗin kebul ɗin da ke gefen laftof, ka hure ramin, ka mayar har ka ji ya kama a yatsanka. Akwai 'yar fitila a bakin ramin, in ta yi kore an dace. In ta ƙi, ka kashe ka sake kunnawa. Don Allah banda duka, ba tsohuwar rediyonka ba ce. In duk bai yi ba, ka bi kebul ɗin da hannu har akwatin intanet, ka ga ko ya zare ta can.

Autarka.

Auta,

Na gode, Allah ya yi albarka. Na zare, na hure, na mayar. Na kashe na kunna har na gaji. Duka kuwa sau ɗaya ne, shi ma a hankali. Fitila dai ta ƙi. Na bi kebul ta bayan kujera, ta gindin bango, har inda ya shige ƙarƙashin ƙofa. Nan na tsaya. Ko a sayo sabuwar laftof ne?

Mahaifinki.

Babana,

Laftof lafiyarta ƙalau. Ni na ajiye akwatin nan da hannuna a kan durowar Umma, saboda ɗakinta ne kaɗai ke da soket mai kyau, kuma tana raye ƙofar ba ta taɓa rufuwa ba. Ashe rufewa ka yi? Lokacin da ka ja ƙofar ne ta fizgo kebul ɗin daga akwatin.

Ban ga laifinka ba, Baba. Ni ma har yau ban iya goge lambarta ba. Idan shiga ɗakin zai yi maka nauyi ka bari, maigidana zai zo ya gyara bayan na sauka. Amma ba zan ɓoye maka ba, tsoro nake ji. Haihuwar fari ce, ga babu Umma. Fuskarka nake so in gani.

Autarka.

Auta,

Na shiga. Takalmanta na nan a bakin gado yadda ta bar su. Na zauna na yi abin da ban yi ba ranar jana'iza, sannan na tashi na cusa kebul. Fitila ta yi kore.

Na ce wa direba ya yi sauri. Ina zaune gaban allo, na sa sabuwar hula. Ki kira, kuma ki yi magana a hankali yadda zan gane.

Mahaifinki.