Ka Sake wa Ƙofar Gida Fenti

Agadas, Nijar

Yaya Sharhabilu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Inna da Nazifa da yara. Ya Janbako, ya damina? Ni lafiya lau, ina aikin bulo. Kunnen hagun ne dai bai dawo ba tun marin nan, kada Inna ta ji.

An kafa kwamitin binciken jami'an da sunka tsare 'yan jaridar waje da na yi wa tafinta, sunka ƙwace masu kyamara. Jiya wani ya kira ni, wai daga kwamitin, in zo in ba da shaida. Na san muryar, Yaya. Shi ne ya mare ni. Da zai kashe waya ya ce in gaida Inna.

Ka tuna ranar da Inna ta dama wa 'yan jaridar fura, wata Baturiya a cikinsu ta ɗauke ta hoto a bakin shuɗiyar ƙofarmu? Kyamarar har yau tana hannun jami'an, da hoton a ciki.

Don Allah ka sake wa ƙofar fenti da wani launi kafin ranar kasuwa, ka ce na Sallah ne. Duk baƙon da ya yi sallama, a kai masa ruwa waje. Kada Inna ta fito.

Allah ya tsare mu.

Ƙanenka,
Nazir