Ƙugin Akwatin Fis

Sakinatu,

Idan kin dawo daga gidan suna ba ki same ni ba, na tafi kemis a Tsanyawa. Kada hankalinki ya tashi, ido ɗaya ne ya rufe.

Da hantsi na ji akwatin fis ɗin zaure yana ƙugi, irin wanda yake yi in an kawo wuta. Kin san tun damina rabonmu da ita, sai na fita ko takalmi babu ina shela. Nan da nan maƙwabta suka cika zauren da wayoyi, Malam Badaru har da dutsen guga. Da ƙwan fitila ya ƙi kamawa na ce kowa ya matsa, na san halin akwatina, fis ne bai zauna ba. Na taka turmi na buɗe.

Ashe rina ce ta yi gida a ciki. Da ni ta fara, sannan ta bi Malam Badaru.

Don Allah kada ki bar Nana ta leƙa zauren sai na dawo na yi hayaƙi. Wayoyin da aka gudu aka bari suna cikin kwandonki. Duk wanda ya zo tambayar Injiniya, haka suke kirana tun ɗazu, ki ce ya ajiye aiki.

Muntaka