Kafaɗar Dama ta Gaba

Unguwar Kumharan, 9 ga Fabrairu

Baban Hira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Yaya aiki, yaya zaman Maskat, yaya ciwon bayan nan naka? Mu nan lafiya, sai dai mahaifinka Abba Ji da tari ya ƙi saki. Hira tana gaishe ka.

Na koma rubuta takarda ne don na gaji da waya. Duk sanda na ɗauko magana mai nauyi sai ka ce ba ka ji na sosai. Takarda ba ta katsewa, sai ka zauna ka karanta.

Maganar bas mai sauri ta tabbata. Ta tsakiyar babban titinmu za ta bi, a kafa mata shingen ƙarfe hagu da dama tun daga tashar jirgi har kasuwar hatsi, ko akuya ba za ta tsallaka ba. Kuma ka san wa ya zana yankinmu? Ƙanena Tauƙir, wanda na goya, na koya wa riƙe fensir. Ranar Asabar suka kira taro a makarantar da nake koyarwa, ya tsaya gaban taswira da wata 'yar sanda yana nune-nune. Masallacinmu a gefe guda, maƙabartarmu a ɗaya gefen, an shafa mata koren launi ko suna ba a rubuta ba. Ya ce za a yi mana gadar sama mai matakala. Ya ce sun ajiye mutane bakin titi kwana uku, Talata zuwa Alhamis, suna danna abin ƙirga, sun san adadin duk mai tsallakawa: 'yan makaranta, masu kai madara, masu tura kura.

Abba Ji ya miƙe da ƙyar ya tambaye shi ko a kwana ukun nan an yi rasuwa a unguwa. Ya ce bai sani ba. Ba a yi ba, Baban Hira. Allah ya sa babu wanda ya mutu daga Talata zuwa Alhamis, shi ke nan a takardarsu mutanen Kumharan ba sa mutuwa.

Da aka matsa masa sai ya ce ai a iya sa gawa a a-kori-kura, a zagaya ta sha-tale-talen kasuwar hatsi, kilomita uku kacal. A gaban Abba Ji ya faɗi haka, mutumin da shekara hamsin babu makarar da ta fita daga unguwar nan bai sa mata kafaɗa ba, wanda ya kama wa kansa wuri kusa da kabarin mahaifiyarka Ammi Ji, taku ɗari biyu daga ƙofar masallaci. A loda shi a bayan mota inda ake loda albasa! Na ji kamar in tashi in kwaɗa wa yaron nan mari a gaban manyansa.

Abba Ji bai ci abinci ba ranar. Ka kira shi, ko kuma ka zo.

Ka huta lafiya.
Matarka, Shagufta

14 ga Afrilu

Baban Hira,

Sallama da gaisuwa. Da fatan ka warware daga murar da ka ce. Magungunan da ka aiko sun iso, mun gode, amma ba magani kaɗai Abba Ji ya tambaya ba.

Ka ce in bi a hankali tunda Tauƙir jinina ne. Na bi. Na kira shi gida, na dafa masa shinkafa da wake irin wadda yake so, na zauna na yi masa bayani tiryan-tiryan. Ya cinye, ya goge baki, ya ce, “Baji, yayata, ku fa kuna tunanin unguwa ɗaya ne, mu muna tunanin mutum miliyan uku.” Wai idan aka buɗe gibi a shinge saboda kowace maƙabarta, bas ɗin ta tashi daga mai sauri. Wai gadar faɗinta ya cika ƙa'ida, har na'urar hawa za a sa wa masu keken guragu. Na tambaye shi ko a tsaye za mu jingina gawa a cikinta. Sai ya yi dariya, ya ce har yanzu bakina bai mutu ba.

To ga abin da ya faru, kuma kada ka yi mini faɗa, ba ni na shirya ba. Ka san an riga an gama irin gadar a wajen tashar jirgi. Chacha Nazir mai gidan gurasa ya kawo shawarar a ɗora buhunan gari a makarar masallaci, a ɗaura mata gororinta dogaye yadda aka saba, a gwada hawa a gaban Tauƙir. Abba Ji ya ce buhu ba ya jin tsoro, ba ya jin kunya, shi za a ɗauka. Na yi kuka, liman ya roƙe shi, ya ce mai rai ba ya hawa makara. Abba Ji ya ce ai kwana nawa ya rage, gara ya ga hanyar da idonsa.

Na bi su a riksha, keken haya mai ƙafa uku, ni da Hira, muka tsaya ƙasan gadar. Maza takwas suka ɗauke shi, kai a gaba. Hawan farko dai an yi shi da nishi, babu damar canjin kafaɗa, na baya duk nauyin a wuyansu. Da suka kai kwanar matakalar sai gorar gaba ta tokare bango, ta baya ta maƙale a ƙarfe. Suka ja baya, suka karkata. Suka ƙara karkatawa har gadon ya kusa tsayawa a gefensa, na ga Abba Ji ya zame, ya damƙe katakon gefe da hannu biyu, hularsa ta faɗo titi. Hira ta ƙwalla ƙara. Tauƙir na tsaye da takardunsa, fuskarsa ta yi fari fat.

Daga can sama, a karkace, Abba Ji ya kira shi. Ya ce, “Ɗana, yau ina da hannun riƙewa. Ran da za a sake zuwa da ni, ba ni da shi. Rubuta wannan a ƙirgenka.”

Kwana biyu ya yi a kwance bayan nan. Tauƙir ko leƙowa bai yi ba. Na aika masa cewa kada ya sake taka mini gida.

Ka zo, Baban Hira. Kai ne ɗansa tilo. Kafaɗar dama ta gaba taka ce, kuma ba a aiko ta a jirgi.

Taka, Shagufta

20 ga Yuli

Baban Hira,

Ina gaisuwa, ina fatan alheri. Damina ta sauka da ƙarfi, rufin ɗakin girki yana yoyo. Abba Ji ya daina fita ko masallaci, shayi kawai yake iya sha.

An fara haƙa titi, an kewaye shi da shinge tun kafin a zuba kwalta. Kuma albishirinka, an ji kukanmu. An gyara taswira, an yi mana ƙofa a shingen daidai bakin maƙabarta, ɗaya nan ɗaya can. Ranar da aka kafa su har alewa Chacha Nazir ya raba. Washegari aka zo aka maƙala musu kwaɗo, aka liƙa sanarwa: mabuɗi yana ofishin aikin, duk mai bukata ya cike takarda ya kai kwana ɗaya kafin lokaci, a ranakun aiki.

Ka karanta da kyau. Kwana ɗaya kafin lokaci. Mu da muke wanke mamaci da hantsi mu rufe shi kafin la'asar. Waɗannan mutanen ba su taɓa binne uwa ko uba ba ne? Ko a gidajensu mala'ikan mutuwa takarda yake aikowa tukuna? Wallahi na fi jin haushin ƙofar nan a kan lokacin da babu ita.

An ce Tauƙir ne ya yi ta faɗa a ofis har aka yarda da ƙofar, kwaɗon kuma ba shi ya kawo ba. Ni ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Wanda ya ja layi a kan unguwar da aka haife shi bai tuna da matattunta ba, ba zan gode masa don ya bar ɗan rami ba.

Da na karanta wa Abba Ji sanarwar sai ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce in karɓo masa takardar ya cike, ya bar gurbin kwanan wata, zai yi ƙoƙari ya mutu ranar Talata.

Ka ce sai Oktoba za a ba ka hutu. Ni ba likita ba ce, amma ni nake juya shi a gado. Ba zai kai Oktoba ba.

Shagufta

17 ga Agusta

Baban Hira,

Assalamu alaikum. Ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Abba Ji, ya sa ya huta. Ka yi ta kuka a waya ranar, ban iya gaya maka yadda aka yi ba. Ga shi a rubuce.

Bai mutu ranar Talata ba. Ranar hutun 'yancin kai ya cika, da hantsi, ofisoshi duk a rufe, titi cike da tutoci. Chacha Nazir ya hau babur ya tafi neman mabuɗi, mai gadi ya ce wanda ke riƙe da shi ya tafi ƙauyensu. Aka yi wa Abba Ji sallah bayan azahar. Wani har ya kawo a-kori-kura ya tsayar a ƙofar masallaci, ganyen albasa na nan a bayanta. Na hau saman soro, tunda nan ne iyakarmu mata, na ce wa Hira in aka sa kakanta a motar nan ba zan sake kallon titin nan ba har in mutu.

Sai ga Tauƙir. Ban aika masa ba. Ya zo da zarto a hannu, da katin aikinsa rataye a wuya don kowa ya ga ko wane ne. Ya durƙusa cikin taɓo ya yanke kwaɗon farko, ya tsallaka ramin ya yanke na biyu, ya jawo katakan ma'aikata ya shimfiɗa a kan haƙan. Da ya dawo, mutane suka tsaya cirko-cirko, don gurbin dama na gaba babu kowa, kowa ya san na wane ne. Ya shiga ya sa kafaɗarsa. Ana ta canji duk taku goma yadda aka saba, shi ya ƙi sakin gorar har bakin kabari. Na ƙirga daga sama, taku ɗari biyu da sha ɗaya.

Abba Ji yana kwance kusa da Ammi Ji, a kafaɗun mutane ya je.

An dakatar da Tauƙir daga aiki, an sa sabon kwaɗo wanda ya fi na da girma. Chacha Nazir ya rataye zarton a bangon masallaci kusa da makara.

Kada ka ɗauka na huce. Ina fushi da su, ina fushi da Tauƙir, kai kuma naka ya fi na kowa, ka zo a Oktoba ka same shi yana jiranka. Har yau ban yi wa Tauƙir magana ba. Matarsa ta ce gorar ta saɓule masa fatar kafaɗa, ba ya iya sa riga. Jiya na ba Hira man shafawa ta kai masa, na ce kada ta ce daga wurina ne.

Allah ya dawo da kai lafiya.
Matarka, Shagufta