Huda Biyar a Farantin Loretta

Daga gona, Arkansas

Zuwa ga jikana Wendell,

Gaisuwa, amma 'yar kaɗan. Ina fata kana lafiya. Ni dai ba lafiya, kuma kai ne sanadi.

Wa ya aike ka? Ka zo ranar Lahadi, ka cinye min kaza guda, ka ɗauke ƙaramar bindigar da kakanka ya bar min, mai cin harsashi lamba talatin da takwas, ka ajiye min wata sabuwa wai kyauta. Shekara arba'in tsohuwar tana ɓoye a aljihuna, ko coci tare muke zuwa. Taka ba ta fi cokali nauyi ba, ga harsashi mai mugun ƙarfi wai shi magnum, kamar giwa ce ke satar min kaji. Na gwada ta bayan rumbu. Na harba gaba, ita ta harbe ni baya! Wuyan hannuna ya tashi kamar burodi, kaji kwana uku ba ƙwai.

Uwarka Loretta ta ga hannun. Wai na wuce zama ni kaɗai, ƙarshen wata za ta kai ni gidan tsofaffi. Ka ji abin da ka jawo min, ja'iri. Maido min da abata.

Kakarka, Odessa

Little Rock

Kaka,

Bayan gaisuwa da fatan samun sauƙi, ina baƙin cikin abin da ya faru. Sai dai mai kanti ya tabbatar min magnum ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma bindiga marar nauyi ta fi dacewa da mai shekaru. Ni ma irinta na saya, ko da yake ban samu damar gwadawa ba. Idan riƙe ta ya gagare ki, wataƙila Mama tana da gaskiya. Tsohuwar tana kulle a wurina.

Naki cikin ladabi, Wendell

Wendell,

Yau babu gaisuwa. "Mai shekaru"! Ni da na wanke maka gindi?

Mai kantin naka ya taɓa ganin hannuna? Ƙarfin banza ne in harsashi ya tafi sama yana neman tsuntsu. Bayan coci na tare Cletus mai gyaran bindiga, ya ce ai taka tana cin talatin da takwas lafiya lau, mai kantin ne bai ga damar faɗa ba. Na ɗauko gwangwanin kofi na kakanka, cike da harsasan talatin da takwas masu faɗin kai, masu taushin tashi. Da kumburin hannun ya sace, na rataye farantin gashi a shinge, na ja baya taku goma, na kira matar fasto ta tsaya shaida, na harba da sabuwar taka.

Ga farantin nan cikin kwali. Ƙirga, tunda kai ka yi jami'a. Huda biyar, tafin hannu ɗaya ya rufe su. Ka kai wa uwarka, dama nata ne, tun Kirsimeti take damuna in aiko mata. Ka ce mata wanda zai fitar da ni daga gidan nan bai sa takalmi ba tukuna.

Sai na gan ka, in ka isa.

Odessa

Kaka,

Ina gaisuwa. Na ƙirga, biyar ne. Mama ta daɗe tana leƙen hasken taga ta cikin farantin, sannan ta ce a bar maganar ƙarshen wata. Lahadi zan kawo miki abarki.

Ki yi haƙuri da rubutun, da hagu na yi shi. Jiya na gwada tawa. Ki rage min kaɗan a gwangwanin.

Naki, Wendell