Kujera Ce, Ba Ni Ba

Litinin, 6 ga Oktoba

Yau ma ƙafar dama ta sage. Na sauke yaran makaranta lafiya, na zo fita daga mota, sai na ji kamar ƙafar wani aka ara mini. Sai da na dafa ƙofa na ɗan jima. Na yi kamar taya nake dubawa saboda maigadin makarantar yana kallona.

Kujera ce. Soson ya mutu tuntuni, ya yi rami a tsakiya, ƙarfen ƙasa nake ji a mazaunina. Ko ɗan shekara ashirin aka ɗora a kanta sai ya yi ɗingishi.

Laraba, 8 ga Oktoba

Kuskurena da na yi zancen a gida. Maman yara ta ajiye wankin da take yi ta ce, "Malam, shekaru ne fa." Auta kuma, wai tunda ta gama karatu tana zaune, ga lasisi ta yi, in bar mata jigilar yaran in huta. In huta! Ni na koya mata tuƙin nan, ni na sha ihun "birki, birki" har muryata ta dushe. Yau ita ce za ta sauke ni.

Na ce musu shekara talatin da wani abu ina riƙe da sitiyari, ko kaza ban taɓa takawa ba. Iyayen yaran nan ni suka sani, ni suka ba amana. Ranar da zan ajiye makulli ni zan faɗa, ba wani ba.

Asabar, 11 ga Oktoba

Na ɗauke matashin falo guda, mai fulawa. An yi ta nemansa. Shi kuwa yana kan kujerar motata.

Talata, 14 ga Oktoba

Matashin zamewa yake yi, kowace kwana sai ya gudu ya bar ni. Dogo, wanda muke ajiye mota tare a bakin makaranta, ya ce in sayi shimfiɗar nan ta ƙwallayen katako, wai tana tausa baya tana ba da iska. Na saya. Na ɗora ta a kan matashin, na naɗe tsohon tawul na cusa a kwankwaso. Yanzu kaina yana gogar rufin mota, hulata ta faɗi a cinyata ya fi a ƙirga. Yaran baya sun yi ta dariya, wata 'yar ƙarama mai wushirya ta ce, "Baba direba ya ƙara tsawo!"

Su yi dariyarsu. Ciwon bayan dai ya ɗan lafa.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Ƙafar ta fi da tsanani. Tun kafin mu kai rabin hanya na fara jin kamar tururuwa na yawo daga cinya zuwa yatsu. A danja na riƙa mintsinin cinyata.

Na cire takalmi na tura shi ƙarƙashin kujera. Da tafin ƙafa tsirara an fi jin birki, duk tsohon direba ya san wannan. Ba wani abin a kai gida ba ne.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Auta ta wanke motar ta ga tulin da na yi. Ta tsaya riƙe da tawul ɗin tana kallona. "Baba, wannan kujera ce ko gado?" Uwarta kuma ta gane matashinta, ta ce ashe ɓarawon a gida yake. Daga nan sai zancen asibiti. Na ce likita zai canza mini soso ne? Na tashi na bar musu falon.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ba faɗa suke yi ba. Lallaɓa ni suke, da murya ƙasa-ƙasa, irin wadda ake yi wa marar lafiya. Gara a zage ni.

Laraba, 22 ga Oktoba

Na kai motar wurin mai ɗinkin kujerun mota. Rumfarsa cike da yankakken soso da warin gam, ga keken ɗinki a lungu. Ya kwashe tarkacena ya zube a ƙasa yana girgiza kai. Ya ce tulin nan ya ɗaga ni da yawa, bakin kujera yana danne mini ƙasan cinya, dole ƙafa ta sage. Na ce, "Yauwa! Maimaita, don Allah." Har na so in kira gida ya faɗa musu da bakinsa.

Ya kwance kujerar, ya farke rigar. Sifirin biyu sun karye. Soson ya zama kamar tsohon burodi, da ka taɓa sai ya marmashe. Ya nuna mini ramin ya fi zurfi ta hagu, ya ce, "Direba, ka daɗe kana kauce wa ɓarin dama." Na ce titi ne duk ya karkace. Bai ja ba.

Aikinsa ya burge ni. Ba ya yanka sai ya zaunar da kai. Ya sa soso mai tauri a ƙasa, mai laushi a sama, ya ce in zauna in miƙa ƙafa kamar ina taka birki. Ya zagaye ni da alli, in tashi ya fere da wuƙa, in sake zama. Ya yi wa kwankwaso tudu daidai inda bayana ya lanƙwasa, ya rage bakin gaba har hannunsa yana shiga ƙarƙashin gwiwata. Tela ma bai taɓa auna ni haka ba.

Juma'a, 24 ga Oktoba

An ɗaura kujerar. Kai! Ashe haka mutane suke ji? Na zauna kamar an rungume ni ta baya. Na zagaya gari ba gaira ba dalili, mai yana ƙonewa, ko a jikina.

Na kira maman yara ta zo ta zauna. Ta ce ta yi daɗi, Allah Ya sa a dace. Wannan "a dace" ɗin ban so shi ba. Auta ta zo za ta gwada, ta kai hannu za ta jawo kujerar gaba, na ce kul! An auna ta da ni, ba mai motsa ta.

Litinin, 27 ga Oktoba

Baya lafiya lau. Ƙafa, kaɗan. Jiki bai saba da sabon soso ba tukuna.

Talata, 28 ga Oktoba

Da takalmi na fita, ba takalmi na dawo.

Dogo ya gani. Ya ce wani ɗan'uwansa haka ya fara, ashe jijiya ce ta danne a gadon baya. Na ce ɗan'uwansa ba ni ba ne, ya je ya gyara fitilarsa da ta mutu tun bara.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Na koma wurin mai kujera, na ce a ƙara fere bakin gaba. Ya zaunar da ni, ya zura hannu, ya duba hagu ya duba dama. Ya ce, "Wallahi in na ƙara yanka, ɓata ta zan yi. Kujera ta gama nata." Na ce to aikinsa ne bai yi ba. Ya goge gam a yatsa, sannan ya ce ko sabuwa fil aka ciro daga kamfani ba za ta fi wannan ba.

Na yi masa tsawa a gaban mutane. Bai kamata ba. Amma shi ma wa ya tambaye shi?

Laraba, 5 ga Nuwamba

Zan rubuta sau ɗaya, ba zan sake ba.

Gangaren bakin makaranta, da safe, mota cike da yara. Na saki totur na taka birki kamar kullum. Motar ba ta tsaya ba. Na ƙara dannawa da ƙarfi, tana tafiya. Ga ƙofa, ga maigadi yana tsallakar da wasu 'yan aji ɗaya riƙe da hannun juna. Na fizgi birkin hannu. Taya ta yi ƙara, motar ta ɗan juya, muka tsaya, hancinta ya taɓa durom ɗin shara.

Na leƙa ƙasa. Ƙafata tana kan dardumar mota, gefen birki. Ƙasa nake ta dannawa. Ban ji ta zame ba, ban ji komai ba.

Ba wanda ya ji ciwo. Maigadi ya ɗauka birki ne ya tsinke, yana ta sannu. Yaran kuwa daɗi suka ji. Mai wushiryar nan ta rungumo wuyana ta baya tana cewa, "Baba direba, a sake! A sake!"

Da suka shige na kasa tashi. Kujerar tana riƙe da bayana daram, ba inda ke mini ciwo. Na ji tsoro, tsoron da ban taɓa ji a kan titi ba.

Da rana na roƙi Dogo ya kwaso mini su, na ce birki za a duba.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Makaniki ya ce birki garau. Na ce ya sake dubawa. Ya sake.

A gida na ce mota tana gareji. Maman yara ba ta tambayi komai ba, ta kawo ruwan zafi a roba ta ajiye kusa da ƙafata ta fita. Ban ce ina so ba. Na dai sa ƙafar don kada ya huce a banza.

Litinin, 10 ga Nuwamba

Auta ce ta tuƙa yau. Ba wai na bar mata ba ne, ina so in ga ko hannunta ya faɗa, kuma dole wani ya nuna mata gidajen yaran. Iyayen na ce musu horo nake ba ta. Daga makaranta ta biya da ni asibiti tunda hanya ce, sun ce in dawo a ɗauki hoton baya. Mu gani.

Tuƙinta ba laifi. Tana saurin canza giya, na faɗa mata. A gangaren nan tun daga sama ta fara rage gudu, ban ce mata komai ba.

Gefen mai zaman banza kuwa, ashe azaba mutane suke sha ba su faɗa. Kujerar ta karkace, bel ɗin yana yankan wuya. Duk shekarun nan maman yara a kai take zama.

Na lura Auta a bakin kujera take ɗosanawa, tana miƙa ƙafa da ƙyar, bayanta ko taɓa tudun bai yi ba. Tsoron motsa ta take yi. Na ce ta jawo ta gaba mana, haka ake tuƙi? Ta jawo. Duk da haka tudun a tsakiyar bayanta yake tokare ta, ba a kwankwaso ba. Ta ce ba komai, Baba, za ta saba. Ba a sabawa da wannan, ni na sani.

Asabar za mu je wurin mai kujera, dama ina da haƙurin da zan ba shi. Ita za ta zauna, ya zagaye ta da alli.