Hannu Sittin da Taragon Gwangwani

Zuwa ga Malama Sa'adiyya, fitilar masu lalube, inuwar wanda rana ta dama. Bayan gaisuwa mai ƙamshin turare, ina neman afuwa bisa kutsen da na yi wa filinki. Ki agaza mini, gidana ya rabu biyu a kan tarago.

Ni ne sakataren ƙungiyar tsofaffin ɗaliban wata firamare a Kazaure. Iska ta yaye rufin aji guda, damina kuma ta matso. Na ji labarin cewa a wasu ƙasashe akwai dattawa masu tara ƙananan jiragen ƙasa a kabad ɗin gilashi. Sai na sa Musaddiƙ, wani maƙerin gwangwani a Babura, ya ƙera mini tarago ɗaya mai tsawon kamu, da fenti kore, don mu sayar mu yi rufi. A gefensa na sa aka rubuta baitina:

Ya tarago, ƙaramin jiki, babban nufi,
Kowa ya kai ka gida ya yi wa aji rufi.

Don in auna sha'awar jama'a, na kai shi taronmu na shekara. Kafin a buɗe kulolin abinci na miƙe da waƙata mai baiti saba'in, na sanar cewa ba zan zauna ba sai na ga masu so. A baiti na tara hannu sittin suka tashi, har da na mai ba da lasifika haya. Mutum ɗaya ne bai ɗaga ba, Alhaji Dunoma na Roni, tsohon ma'aikacin reluwe. Washegari kuma ya zo gidana, ya daɗe yana juya taragon, ya ce zai saya in an kankare baitin. Na ɗauki wannan hassada.

Yanzu ina shirin sayar da bijimin da muke kiwo in sa a ƙera sittin. Maiɗakina Rahamatu ta ɗaure igiyarsa a tagar ɗakinta. Ina roƙon amsa a rubuce cikin gaggawa, kafin ranar kasuwa.

Naki, Mai Baiti a Aljihu.

Malam Mai Baiti, na amsa gaisuwa. Niyyarka kyakkyawa ce, yaran nan suna bukatar rufi, kuma da alama Musaddiƙ gwani ne.

Amma ba sha'awar tarago ka auna ba, yunwa ka auna. Ka tsare mutane tsakanin shinkafa da baiti sittin da ɗaya da suka rage. Ko jirgin sama ka ce su saya, da sun ɗaga hannu. A garuruwanmu kuma kabad ɗin gilashi na Hajiya ne, tangaran ke ciki.

Mai saye ɗaya gare ka, shi ne wanda ka kira mahassadi. Shi kaɗai ya taso daga Roni da ƙafarsa. Ka kankare baitin ka kai masa, ka tambaye shi ko tsofaffin abokan aikinsa za su so. Sauran sittin ɗin, ka aika musu cewa mai so ya ba Musaddiƙ kafin alƙalami da kansa. Iya waɗanda suka je, iya abin da za a ƙera.

Bijimi ya zauna inda Rahamatu ta ɗaure shi. Game da rufi kuwa, a taro na gaba ka ajiye faranti, ka miƙe da waƙarka, ka ce ba za ka zauna ba sai kuɗin kwano sun cika. Kafin baiti na tara za a rufa ajin.

Allah ya rufa asiri, ya rufa aji, ya ƙara wa Rahamatu haƙuri.