Kwalaye Tara a Cikin Kwantenar Tsohuwar Takarda

Daga: Tzipora Wolinsky,
Malamar Addini da Al'adu, Aji Bakwai,
Makarantar Sakandare ta Beit Shifra,
Winnipeg.

14 ga Mayu, 2019.

Zuwa ga: Mai Girma Mista Howard Zelikovitz,
Shugaban Kwamitin Gudanarwa na Makaranta.

Yallaɓai,

GAME DA: Littattafan addu'a da aka zuba a kwantena, waɗanda za a kwashe jibi Alhamis

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina neman afuwa kan tsallake shugabar makaranta da na yi na rubuto maka kai tsaye. Ba raini ba ne, lokaci ne ya ƙure mini.

1. Kamar yadda ka sani, a manhajar aji bakwai akwai darasin da ke koya wa yaranmu cewa takardar da ke ɗauke da sunan Allah ba a yar da ita, ba a ƙona ta. Idan ta tsufa, a maƙabarta muke binne ta kamar mutum. Bana na ga yaran sun gaji da jin abu da baki, sai na ce kowa ya je gida ya tambayo tsofaffin littattafan addu'a, mu binne da hannunmu. Ranar 19 ga Nuwamba na rubuta wa gidaje ashirin da shida, na sa hannu, na ɗauki alkawarin kula da abin da za su ba ni. Muka tara kwali tara. Da yake ƙasa a daskare take duk lokacin sanyi, ba ta haƙuwa, sai muka ajiye su a sito, limamin majami'armu ya tsayar mana da Lahadi 19 ga Mayu.

2. Ranar Juma'a 10 ga Mayu, bayan an tashi da wuri saboda shigowar Asabar, ranar hutunmu ta ibada, mai kula da gini, Mista Darren Kolbe, ya share siton don masu duba kayan kashe gobara za su zo. Bai tambayi kowa ba. Jiya Litinin na sauka da ajin gaba ɗaya don mu naɗe littattafan a farin ƙyalle, na buɗe ƙofa, muka tarar da ɗaki fes, an goge har ƙasa.

3. Da na same shi, cewa ya yi shi dai takarda ya gani, kuma takarda kwantena ake kai ta. Ban zo neman a kore shi ba. Watansa huɗu a nan, ba Bayahude ba ne, an damƙa masa makullai babu wanda ya zauna ya yi masa bayanin abin da ke cikin ginin nan. Ni ma da laifina, da na sani da kwaɗo na sa wa ƙofar. Amma yanzu kwantenar a kulle take, makullin yana wurin kamfanin da ke niƙa tsohuwar takarda. Na buga musu waya sau biyar. Sun ce ba za su buɗe ba sai da takarda daga wanda ya sa hannu a yarjejeniya, wato kai. Sakatariyarka kuma ta ce in yi haƙuri, za ta saka maganar a zaman kwamiti na watan Yuni. Yallaɓai, motarsu za ta zo jibi da ƙarfe bakwai na safe. Kafin Yuni littattafan nan sun zama kwalin ƙwai.

4. A cikin kwali na huɗu akwai wani ɗan littafi da bai wuce tafin hannu ba, bangonsa ya rabu. Ɗalibata Liora Brenner ce ta kawo shi daga wurin kakarta, Misis Faige Brenner, mai shekara tamanin da takwas. Na mahaifin tsohuwar ne, littafin kaɗai ta tsallako teku da shi bayan yaƙin duniya na biyu, kuma har yau babu wanda ya san inda kabarin mahaifin yake. Ta aiko mini da saƙo cewa tunda ba ta samu ta binne shi ba, a bar ta ta zuba wa littafinsa ƙasa. Jiya da yamma ta bugo tana tambaya ko keken guragunta zai iya shiga maƙabartar. Na ce mata zai shiga, komai ya kammala. Shekarata talatin da ɗaya ina koyar da gaskiya a makarantar nan, jiya na yi wa tsohuwa ƙarya.

5. Yaran ma ba su ƙyale ni ba. Yau da safe wata ta ɗaga hannu ta tambaye ni ko wannan doka ta gaske ce, ko kuwa ta cin jarrabawa ce kawai. Sai na ce su buɗe littafi, muka ci gaba da darasi. Liora kuwa ko kallona ba ta yi.

Saboda haka ina roƙonka, don girman Allah, ka sa hannu a takardar izinin da na haɗo da wannan wasiƙa kafin ƙarfe huɗu na yammacin gobe Laraba, lokacin da ofishin kamfanin ke rufewa. Layi biyu ce. Duk inda kake zan zo in karɓa, da birona. Ba na neman ma'aikaci ko ɗaya: iyaye shida sun yarda za mu shiga kwantenar da kanmu mu tsince su ɗaya bayan ɗaya.

Idan kuwa ƙa'idar kwamiti ta hana, to ina neman alfarma guda. Na rubuta lambar wayar Misis Brenner a bayan wannan takarda. Ka kira ta da kanka ka gaya mata kada ta zo ranar Lahadi. Ni na ɗauki waya sau biyu yau don in kira ta, na mayar na ajiye.

Ka huta lafiya, tare da dukkan ladabi da girmamawa.

Taka mai biyayya,

Tzipora Wolinsky